DpnI, McrBC ko MspJI: wanne za ka ɗauka idan DNA mai tambarin metil kake son yankewa?

Wanda ya fara koyon aiki da enzayim masu yanka DNA, doka ɗaya ake fara cusa masa: tambarin metil kariya ne. EcoRI tana neman haruffan GAATTC ta yanka, amma bakteriyar da ke yin ta takan ɗora ƙaramin gungun metil a kan nata GAATTC ɗin, sai wuƙar ta wuce ba ta taɓa shi ba. DNA na baƙo, wanda ba shi da tambari, shi ke shan yanka. A kan wannan fage aka ba Arber da Nathans da Smith kyautar Nobel a 1978.

Akwai kuma wani rukuni da ke aiki akasin haka. Su DNA marar tambari ba ruwansu da shi, ko a kwana ana jiƙa shi a cikinsu. Sai sun ga metil suke sara. Dalilin samuwarsu yaƙi ne tsakanin bakteriya da bairos masu cin ta. Bairos irin su T2 da T4 sun sauya saitosin ɗinsu, wato harafin C na DNA, zuwa wani nau'i mai ɗauke da haidiroksimetil, wuƙaƙe na farko suka kasa gane su. Bakteriya ta fito da wuƙar da ke neman wannan sauyin shi kansa. Bairos ya lulluɓe sauyin da sukarin gulukos, bakteriya ta sake fito da wadda ke neman mai gulukos ɗin. Tun 1952 Salvador Luria da Mary Human suka ga alamar wannan, lokacin da T2 da ya fito daga wasu irin E. coli ya kasa hayayyafa a wasu, shekaru kafin a san cewa rashin gulukos ne ya tona masa asiri.

Yau waɗannan wuƙaƙe suna cikin firizar ɗakunan bincike, kuma ana yawan ambatonsu tare kamar abu ɗaya ne. Sun bambanta ƙwarai, kuma wanda ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya zai yi asarar mako guda ko fiye. Kafin ka duba farashi ko sunan kamfani, tambayoyi biyu za ka amsa. Wane harafi ne ke ɗauke da tambarin, A ko C? Me kake so da yankan: ka hallaka DNA ɗin, ka auna yawan tambarin, ko ka gano ainihin inda yake?

Idan amsar farko A ce, magana ta kusa ƙarewa, domin DpnI ce taka. An samo ta daga Streptococcus pneumoniae, wadda a da ake kira Diplococcus pneumoniae, inda sunan ya fito. Sanford Lacks da Bill Greenberg suka bayyana ta a 1975. Tana neman haruffa huɗu, GATC, idan A ɗin na ɗauke da metil, ta yanka a tsakiya daidai, bakin yankan a shafe ba tsini. Ba ta buƙatar ATP ko GTP, sinadaran da wasu enzayim ke ƙonawa su sami ƙarfi, magniziyam kawai, tana aiki a zafin digiri 37, kuma tana jure yawancin ruwan da ake yin PCR, wato kwafar DNA da inji, a ciki, har mutum kan zuba ta kai tsaye cikin bututun bayan an gama.

Abin da ya sa ta zama ta kowa shi ne yawancin irin E. coli na ɗakin bincike suna da enzayim Dam, mai ɗora metil a kan kowane GATC. Duk filasmid, wato ƙaramin zoben DNA na bakteriya, da ka ciro daga cikinsu yana da tambari. Wanda injin PCR ya kwafa kuwa ba shi da ko ɗaya. Saboda haka idan ka yi amfani da tsohon filasmid a matsayin uwa ka kwafi sabo mai ɗauke da sauyin da kake so, DpnI za ta ragargaza uwar ta bar ɗan. Jerin haruffa huɗu kan faɗo kusan sau ɗaya a kowane haruffa 256, wato filasmid mai haruffa 5,000 zai sami wuraren yanka wajen ashirin. Ba ya tsira.

Sai dai sharaɗin yana nan: sai uwar tana da tambari. Na taɓa yin asarar kwana takwas a kan wannan. Na yi PCR, na zuba DpnI, na shigar da DNA cikin bakteriya, washegari faranti ya cika maƙil da ɗigon bakteriyar da suka tsiro, har na yi murna. Na ɗauki shida na aika a karanta haruffansu, duka shida suka dawo tsohon jeri, babu sauyi. Na sake, na ƙara DpnI, na tsawaita lokaci zuwa awa uku, haka dai. Sai wata ɗaliba da muke aiki tare ta ɗaga bututun filasmid ɗin ta karanta ƙaramin rubutun da ke gefensa, ta ce, “Malam, ai wannan daga JM110 aka ciro shi.” JM110 wani irin E. coli ne da ba shi da Dam. Wani ne ya raini filasmid ɗin a cikinta domin yana son yanka shi da BclI, wadda tambarin Dam ke toshewa. DpnI ba ta yi laifin komai ba, babu abin da za ta gani ne. Da na ɗauki ɗan kaɗan daga uwar na gwada ta da DpnI na zuba a jel mai raba guntayen DNA bisa tsawonsu tun ranar farko, rabin awa ya isa in gane. Tun daga nan ba na fara wannan aiki sai na yi gwajin.

Wani abin lura shi ne DpnI ta fi son ta ga tambari a igiya biyu na DNA. Idan igiya ɗaya ce kawai mai metil, tana yanka, amma a hankali ƙwarai. A aikin sauya harafi akan sami irin wannan gaurin, igiyar uwa manne da sabuwa, kuma shi ke kawo 'yan tsirarun ɗigon tsohon jeri ko da an yi komai daidai. Rage yawan uwar da ka zuba a PCR ya fi ƙara enzayim amfani.

Ƙarfin DpnI na ƙaruwa idan ka haɗa ta da 'yan uwanta biyu masu neman GATC. DpnII tana yanka marar tambari kawai, Sau3AI kuwa tana yanka duka biyu, ba ta damu da metil na adenin, wato A, ba. Bututu uku, layi uku a jel, ka san halin da GATC ɗinka ke ciki ba tare da karanta harafi ɗaya ba. Da wannan dabara ake gane ko filasmid da aka shigar cikin ƙwayoyin dabba ya kwafi kansa: wanda ya kwafu ya rasa tambarin Dam, don haka DpnI ba ta iya masa. Ita ce kuma ginshiƙin DamID, hanyar da Bas van Steensel da Steven Henikoff suka fitar a 2000, inda ake ɗaure Dam a jikin wani furotin, duk inda ya zauna a DNA ya bar tambari, DpnI ta bi ta yanko wuraren.

Amma DpnI ba ta ganin metil na saitosin ko kaɗan. Wanda ke binciken CpG, wato C da G ke bin sa, na ɗan Adam ko na tsiro, ya ajiye ta. A nan gizo ke saƙa, domin a ɓangaren C zaɓi ya yi yawa, kuma kowace da halinta.

McrBC ita ce babba a shekaru. Daga irin E. coli mai suna K-12 take, kuma ita ce ɗaya daga cikin waɗanda suka hana bairos ɗin Luria sakat. Elisabeth Raleigh da Geoffrey Wilson suka nuna a 1986 cewa K-12 na hallaka DNA mai metilsaitosin. Tsarinta ya sha bamban da na wuƙar da muka saba. Furotin biyu ne: McrB mai gane tambari da ƙona GTP, McrC mai yanka. Abin da take nema gajere ne, A ko G sannan C mai metil. Amma guda ɗaya bai ishe ta ba, sai biyu, kuma tazararsu na iya kamawa daga haruffa 40 zuwa wajen 3,000, ko da yake ta fi ƙwazo idan tazarar na tsakanin 55 da 103. Tana kama wuri, ta riƙa jan DNA da ƙarfin GTP har ta ci karo da 'yar uwarta, sannan a yanka kimanin haruffa 30 daga ɗaya daga cikin wuraren biyu. Wanne daga ciki? Ba ka da iko a kai. A yanki mai tambari da yawa, yankan kan warwatse, jel ya nuna maka shafe maimakon layuka.

Wannan shi ne amfaninta, shi ne kuma iyakarta. Idan tambayarka ita ce, “Wannan yanki, tambarinsa na da yawa ko kaɗan?” babu mai sauƙin McrBC. Ka raba DNA biyu, ɗaya da enzayim ɗaya babu, ka yi qPCR, wato PCR mai auna yawan DNA zagaye bayan zagaye, a kan yankin. Idan wanda aka yanka ya makara da zagaye ɗaya, kusan rabi ya yanku. Idan ya makara da uku da ɗan ɗori, kusan tara cikin goma. Masu binciken tsiro suna ƙaunarta saboda ba ta duba abin da ke bayan C ɗin. Tsiro na ɗora metil a CG da CHG da CHH (H na nufin harafin da ba G ba), kuma duk tana gani muddin A ko G na gaba. Haka nan ba ta damu ko tambarin na igiya ɗaya ne ko biyu ba. Da ita aka gina hanyar CHARM a 2008 don auna metil a jinom ɗin ɗan Adam, wato dukan DNA ɗinsa, kuma irin wannan hali nata aka yi amfani da shi a jinom ɗin masara, inda aka bar bakteriya mai McrBC ta tace maimaitattun yankuna masu tambari ta bar masu ɗauke da jinai, wato ƙwayoyin gado.

Idan kuwa tambayarka ita ce “wane C ne?”, McrBC ba za ta amsa ba. Kusan rabin CpG ne kawai ke da A ko G a gabansu, sauran ba ta san da su ba. Yankan na iya faɗowa cikin yankin da kake aunawa saboda tambarin da ke wajensa. DNA da ya riga ya kakkarye ƙanana yana rage mata dama, tunda sai wurare biyu sun haɗu a guntu ɗaya. Ga kuma GTP, wanda ke lalacewa idan ana ta narkar da shi ana mayarwa firiza. A raba shi ƙananan bututu tun ranar da ya iso. Wannan buƙata ta GTP tana da alheri ɗaya: bututun da aka zuba enzayim amma aka hana GTP shi ne mafi kyawun ma'aunin kwatanci, domin komai iri ɗaya ne sai yankan.

MspJI da danginta sun zo daga baya, masu bincike a New England Biolabs suka bayyana su a 2010 da 2011. MspJI daga wata Mycobacterium take. Tana neman C mai metil, haruffa biyu ko waɗanne, sannan A ko G. Bambancinta da McrBC, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci a wannan kwatanci gaba ɗaya, shi ne tana yanka a tazara sananniya: haruffa 12 daga C ɗin a igiyar da ke da tambari, 16 a ɗaya igiyar, ta bar tsinin haruffa huɗu. Ka yi tunanin CpG mai metil a igiya biyu. Ɗaya tambarin zai jawo yanka a dama, ɗayan a hagu, sai guntu mai haruffa 32 ya fito da CpG ɗin a tsakiyarsa. A jel mai ƙananan ramuka za ka ga siririn layi a ƙasa, kusa da 30. Ka yanko shi, ka karanta, kowane guntu ya gaya maka inda tambari yake a jinom. McrBC ta ce maka akwai tambari a yankin, MspJI ta nuna maka wurin da yatsa.

A cikin dangin ma akwai zaɓi. FspEI tana son C a gaban C mai metil. LpnPI ta fi tsauri, tana neman C, C mai metil, harafin da ba C ba, sannan G. Sabon shiga kan ɗauka mai faɗin gani ta fi, amma ba kullum ba. Jinom ɗin ɗan Adam na da CpG kusan miliyan 28, kuma kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ɗauke da metil. A yanki mai cunkoson tambari, MspJI na iya sake sare guntun 32 ɗin ta wani tambarin maƙwabci, ya zama ƙanana da ba sa karantuwa. LpnPI, da yake wurarenta ba su kai yawan na MspJI ba, ta fi barin guntun lafiya, shi ya sa hanyar MeD-seq ta 2018 ta dogara da ita, MethylRAD ta 2015 kuma ta yi aiki da FspEI. Ga jinom mai tambari jefi-jefi, faɗin ganin MspJI ya fi amfani. Dukansu sun fi ƙwazo idan an zuba musu ɗan guntun DNA mai tambari da ake haɗowa da su don zaburarwa. Kada a manta da shi, kada kuma a manta cewa zai bi samfurinka idan ba ka tace ba.

Akwai wani bambanci da ke kama mutane idan suna neman DNA na gwaji. E. coli na da Dcm, mai ɗora metil a C na biyu cikin CCAGG da CCTGG. MspJI da FspEI da LpnPI duk suna yanka wurin, don haka filasmid na yau da kullum ya isa ka ga ko enzayim ɗinka na da rai. McrBC ba ta ganinsa, domin C ne a gaban tambarin, ba A ko G ba. Haka ya kamata, tunda K-12 na ɗauke da Dcm da McrBC a ciki ɗaya, da tana gani da ta kashe kanta. Don gwada McrBC, ka ɗora wa filasmid tambari da M.SssI, mai bin kowane CpG.

GlaI, ta kamfanin SibEnzyme da ke Novosibirsk a Rasha, ta fi kama da DpnI a hali. Tana neman gajeren jeri irin GCGC mai metilsaitosin, ta yanka a cikinsa, baki a shafe. Idan wuri ɗaya tak kake sa wa ido, kana son ka san daidai inda wuƙa ta sauka don ka manna wani guntu a bakin ka yi PCR, ta fi McrBC dacewa. Ba ta da faɗin da za ta zana maka jinom kamar dangin MspJI.

Sai batun da ya taso a 2009, lokacin da ɗakunan binciken Nathaniel Heintz da Anjana Rao suka nuna cewa DNA na dabbobi masu shayarwa na ɗauke da haidiroksimetilsaitosin, musamman a ƙwaƙwalwa. McrBC da MspJI duk suna yanka shi kamar yadda suke yanka metilsaitosin, ba sa bambancewa. Wanda ke aiki da ƙwaƙwalwa ko ƙwayoyin tayi na farko ya sani cewa lambar da ya samu jimillar biyun ce. Tsohon yaƙin nan da T4 shi ya ba da mafita. Enzayim ɗin T4 mai ɗora gulukos zai lulluɓe haidiroksimetil, McrBC da MspJI su daina ganinsa, abin da ya yanku metil ne zalla. Idan kuwa haidiroksimetil ɗin kake nema, AbaSI daga Acinetobacter baumannii, 'yar dangin PvuRts1I, mai gulukos ɗin take so, tana yanka haruffa goma sha kaɗan daga gare shi. A kanta aka gina Aba-seq a 2013.

Wani zai ce, me ya hana a tsaya kan HpaII, wadda kowa ya sani? HpaII na yanka CCGG marar tambari, MspI na yanka shi ko da C na ciki na da metil. Hanya ce mai kyau, amma ka duba yadda kuskure ke shigowa. Da HpaII, abin da ya tsira shi ake kira mai tambari, don haka duk gazawar enzayim za ta bayyana kamar metil. Da McrBC, abin da ya tsira shi ake kira marar tambari, gazawarta za ta ɓoye metil. Kuskuren biyu sun juya wa juna baya. Saboda haka nake ganin mai auna yanki da qPCR ya yi duka biyun a kan samfuri ɗaya. Idan HpaII ta ce kashi 70 sun tsira, McrBC ta ce kashi 30, amsar ta tsayu da ƙafa biyu. Idan jimillar ta yi nesa da ɗari, ko dai wata ba ta gama aiki ba, ko yankin na da tambari tsaka-tsaki, kuma duka biyun abin sani ne. Ga mai neman ƴan guntayen DNA masu tambari a cikin tarin marasa tambari, ƙa'idar ta fi tsanani: hanyar da yanka shi ne ke haifar da sigina, kamar guntun 32 ko bakin GlaI, ta fi aminci a kan wadda ke jiran abin da ya tsira.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke maye gurbin baisalfait, hanyar da Marianne Frommer da abokan aikinta suka fitar a 1992, idan ana son halin kowane C ɗaya bayan ɗaya. Amma baisalfait na kakkarya DNA, yana mayar da mafi yawan C zuwa T ta yadda daidaita jeri ke wahala, shi ma kuma ba ya raba metil da haidiroksimetil. Enzayim na barin haruffa yadda suke. Mai samfuri ɗari da yankuna biyar ya fara da McrBC da HpaII, ya kai 'yan kaɗan da suka nuna bambanci wajen baisalfait. Mai son taswirar jinom ba tare da karanta shi duka ba ya ɗauki LpnPI ko FspEI.

Waɗannan enzayim suna nan da ransu a cikin bakteriyar da kake shigar da DNA, ko ba ka saye su ba. Irin E. coli mai McrA da McrBC da Mrr, duka masu yanka DNA mai tambari, zai sare DNA na dabba ko na tsiro da aka ciro kai tsaye daga jinom, yankuna masu tambari su ɓace daga tarinka ba ka sani ba. DH5α na da su. DH10B da TOP10 an cire musu, kuma takardar irin kan nuna haka a jerin alamominsa, inda za ka ga mcrA da gogewar mrr-hsdRMS-mcrBC. Abin da PCR ya kwafa ba shi da tambari, kowane iri zai karɓe shi. Na jinom kuwa, ko wanda ka ɗora wa metil da M.SssI, DH10B ko makamancinsa za ka ba.